Ranar da Na Kusa Jawo Zubar da Jini a Kan Gawar Mama

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku, iyayena mata da 'yan'uwana.

Sunana Monika. Waɗanda muke layi ɗaya a kasuwa sun san ni, sun kuma san bakina. Yau wata guda da rasuwar mahaifiyata, Mama Sisiliya, aka ce in tashi in faɗi alherinta. Zan faɗa. Amma ba yadda zan faɗi nata ban tona nawa asirin ba, don ranar da ta rasu saura ƙiris a kashe mutane, kuma ni ce sanadi.

Mama ta haura shekara tamanin da biyar. Fiye da hamsin a ciki a Gwammaja ta yi su, a ɗaki biyu na haya cikin gidan Hajiya Yagana, wata 'yar asalin Barno da danginta suka daɗe da zama Kanawa. Aikin famfo ne ya kawo babanmu daga ƙauye, ya rasu ya bar ta a nan. Duk lungun mu kaɗai ne Kirista.

Ungozoma ce, kuma ba ta karɓar komai sai sabulu, shi ma sai an matsa mata. Ita ke raka mata awo, ita ke wankan jarirai, ita ke dama wa mai jego kunun kanwa. Tsohon da 'ya'yansa suka yi nisa, ita ke zuwa ta juya shi ta wanke masa shimfiɗa. Ranar Lahadi ta ɗaura zanen zumuntar matan coci, ta taka har titi da rosarinta, carbin addu'armu, a hannu, yara suna bin ta da "Mama, a dawo lafiya!" Ba ta taɓa ɓoye addininta ba, ba kuma wanda ya taɓa ce mata ta ɓoye.

Ni kuwa? Tun rikicin nan da aka ƙona mini shago na ɗauki gaba, ban ware kowa ba. Ina zuwa Misa, ina karɓar Jikin Kristi, ina rera waƙa da ƙarfi, amma cikina dafi ne zalla. Gwammaja ba na taka ta sai dole. Na yi na yi Mama ta dawo wurina a Sabon Gari, sai ta ce, "Monika, wa zan bar wa matan nan?" In ce mata, "Ki zauna, ranar da za su juya miki baya tana zuwa." Haka nake faɗa wa uwata, Allah ya gafarta mini.

Ranar wata Talata ce, cikin tsananin zafin bazara. Ina buɗe shago wayata ta yi ƙara. Hajiya Yagana ce.

"Monika, sai haƙuri. Yaya Sisiliya ta cika ɗazu da safe. Ki zo da wuri, mun riga mun gyara ta. Ana so a kai ta kafin la'asar."

Kun san abin da ya fara zuwa mini? Ba kuka ba. Wuta ce ta tashi daga cikina har ka. Sun gyara ta? Za su kai ta? Wa ya ba su? Nan take na yanke hukunci cewa sun yi mata wanka irin nasu, za su sallace ta su binne ta a maƙabartarsu, su ce ta musulunta. Ban tambaya ba. Na katse wayar tana cikin magana.

Na kira ƙanena Bitrus, bakanike ne, zuciyarsa ta fi tawa kusa. Na ce, "Sun ƙwace gawar Mama, za su binne ta kafin la'asar. In kai namiji ne ka tara mutane." Ya ce, "Ga ni nan, Yaya."

Hakan bai ishe ni ba. Na danna waya na yi saƙon murya ina ihu, na jefa shi a zauren WhatsApp na 'yan kasuwarmu, na ce Musulmin Gwammaja sun ƙwace gawar Kirista. Sannan na tari adaidaita sahu.

Da na shiga lungun, ga maza zaune a tabarmi a ƙofar gida, ga makara jingine da bango. Ganin makarar nan ya ƙarasa ni. Na fara zagi tun daga nesa. Abin da na faɗa ba zan maimaita shi a ɗakin Allah ba.

Samarin unguwa suka miƙe, fuskokinsu suka canza. Mai unguwa, Malam Sani, dattijon da ya san ni tun ina tallar gyaɗa, ya ɗaga musu hannu suka tsaya. Ya ce, "Monika, shiga ki ga mahaifiyarki tukuna. Zagin ba zai gudu ba."

Na banka labule na shiga.

'Yan'uwana, ga Mama kwance a gadonta, fes da ita. Babu likkafani. Zanen zumuntarta ne a jikinta, da farar rigar da take zuwa Misa da ita, an ɗaura mata ɗankwali yadda take ɗaurawa. An haɗa hannayenta a ƙirji, rosarin yana tsakanin yatsunta. A gefen kanta ga ƙaramin gicciyenta, ga kyandir yana ci.

Na tsaya kamar an dasa ni.

Hajiya Yagana tana zaune a ƙasa, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Duba da kyau, 'yar nan, ko na yi kuskure. Sau uku ta sa na gwada tana raye, tana gyara mini yadda ake saƙala carbin nan naku."

Na ce, "To makarar fa? Ina za ku kai ta?"

Ta ce, "Wace mota ce za ta shigo lungun nan? Da ita za a fitar da ita titi. Fada, limamin cocinku, yana hanya da akwati, Malam Sani ya kira shi tun ɗazu, lambar tana rubuce a bangon nan da hannunta. Yaran unguwa shida suna maƙabartarku tare da katikis, mataimakin Fada, suna haƙa kabari. Duk ita ta yanke musu cibiya."

Sai ta kama zanena. "Alkawari ta ɗora mini. Ta ce kada in bari a kai ta mutuware a sa ta a ƙanƙara sati uku ana jiran ɗinkin anko. Ta ce ta ga yadda muke sallamar namu da ɗuminsu, ita ma haka take so, amma da Misa, kuma kusa da mijinta. Ta faɗa wa Fada ya yarda. Ta ce ke ma ta faɗa miki."

Ta faɗa mini. Wallahi ta faɗa mini! Bara da Ista ta soma zancen, na daka mata tsawa na ce ba za a binne uwata kamar kaza ba, ta bar maganar mutuwa. Ba ta sake tayar da ita ba.

Ina tsaye wayata ta yi ƙara. Bitrus.

"Yaya, mun wuce Dala. Adaidaita huɗu ne, wasu suna biye. Kowa da abin hannunsa."

Na ce, "Bitrus, ku koma! Ba haka ba ne!"

Ya ce, "Sun tsare ki ko? Kada ki ji tsoro." Ya kashe. Na kira, na sake kira, bai ɗauka ba.

A waje samari sun riga sun ji, don saƙona ya zagaya har ya shigo wayoyinsu. Ina jin ƙarar gora a ƙasa, ina jin mata suna kiran yaransu su shigo gida. Kun san Kano. In aka fasa kai ɗaya a kan gawar Kirista a cikin birni, wa ya san inda za ta tsaya kafin dare?

Na zube a ƙasa na kama ƙafafun Mama, sanyi ƙalau. Ban iya addu'a mai tsari ba. Na ce, "Yesu, ni ce! Ni na kunna. Kada ka bar ran kowa ya fita saboda bakina. Cire mini abin nan da na ɗauka shekara da shekaru, na gaji, na gaji!" Na fara "A gaishe ki Maryamu", kuka ya hana ni ƙarasawa.

A nan na san abin da zan yi, kuma shi ne abin da na fi ƙi a duniya. Ni Monika ban taɓa cewa na yi kuskure a gaban mutane ba.

Na fita da gudu, ko takalmi ban tsaya sawa ba. Ina isa bakin lungu suna sauka. Bitrus a gaba da ƙarfen kwance taya, idonsa jajir. A bayana samarin unguwa sun cika hanya. Tsakaninsu bai fi taku goma ba.

Na durƙusa a tsakiya, kwalta tana ƙona mini gwiwa. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ƙarya na yi! Ba wanda ya ƙwace gawar Mama! Ni na ƙirƙira, don na tsane su. Mama tana ciki da rosarinta a hannu, su suka sa mata. Wanda zai yi duka ya fara ta kaina!"

Wani daga bayan Bitrus ya ce, "Tilasta ta aka yi!" Wani daga bayana ya mayar masa da magana. Bitrus ya ƙara taku ɗaya. Na riƙe ƙafarsa da hannu biyu.

Sai samarin unguwa suka fara darewa. Makara ce ta fito, dattawa suna ɗauke da ita, an rufe Mama da wani zanen zumuntarta, an ɗora gicciyen a kai kowa yana gani. Malam Sani yana gaba, ya tallafe kusurwa ɗaya da ƙyar, ga tsufa. Ya zo har gaban Bitrus ya tsaya.

Ya ce, "Bitrus, wurin nan naka ne, kai ne ɗanta namiji. Kafaɗata ta gaji. Amma sai da hannu biyu ake ɗauka."

Na ji ƙarfen ya faɗi a kwalta. Ƙanena ya sa kafaɗa, ya fashe da kuka kamar yaro.

Yabo ga Yesu! Ko ƙwarzane ba a yi wa kowa ba.

Motar Fada ta iso, aka sa ta a akwati, aka yi mata Misa, aka kwantar da ita kusa da babanmu kafin la'asar. Mutanen Gwammaja suka tsaya a waje cikin ranar nan har aka gama. Da yamma na koma na durƙusa gaban Hajiya Yagana. Ta ce, "Tashi, 'yar nan. Uwarki ta daɗe tana roƙa miki wannan ranar."

Ban zama waliyyiya ba, bakina yana nan. Amma dafin ya fita, na je wurin Fada na yi ikirarin zunubina, ina barci yanzu. Abin da ya rage mini shi ne saƙon muryar nan da na jefa a WhatsApp. Na yi na biyu na ƙaryata kaina, amma bai yi nisan na farko ba. Har makon jiya wata ta turo mini shi daga wani gari, tana cewa in ji abin da ake yi wa Kirista a Kano. Muryata ce, ba ta ma sani ba.

Don haka ina roƙonku, in ya shigo wayarku ku goge, ku ce kun ji daga bakin mai shi cewa ƙarya ne.

Na gode wa Allah da ya ba ni uwa irin Mama Sisiliya. Na gode masa da ya tare hannun ƙanena, ya kuma karya taurin kaina. Ke da kike zaune da taki gabar a ciki, kada ki jira sai kin kama ƙafar gawa kafin ki ajiye ta. Ki kai wa Yesu yau, zai karɓa. Ya karɓi tawa.

Allah ya ba Mama hutawa ta har abada. Amin.