Ƙarfen Malam da Kifin Fujaira

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Dubai, Alhaji Ɗalhatu, malamanmu da ke zaune a sahun gaba, uwarmu Hajiya Mahfuza, shugabar mata, 'yan kasuwar da suka rufe shagunansu a Deira, ma'aikatan da suka taso daga Al Quoz da kayan aiki a jikinsu, ɗalibai, maƙwabtana na International City da suka yini hawa bene da sauka da tukwane, har da wanda ƙanshi ne kawai ya jawo shi, shi ma ya zauna, ba mai korarsa: assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Sunana Wasila. Ni ce matar marigayin da sunansa yake rubuce a takardar gayyata, mai walda a Al Quoz, wanda Allah ya karɓi abinsa yau wata bakwai. Shekara ashirin da uku muna tare, Malam nake ce masa, kuma Malam zan ce masa a nan. Karatuna a aji shida na firamare ya tsaya, ban kuma taɓa riƙe wannan abin magana ba sai yau, don haka in kun ji na yi tuntuɓen harshe ku kalli farantinku, kada ku kalle ni. Maganata uku ce: godiya, da labarin kifin da ke gabanku, da roƙo guda ɗaya.

Ta farko, godiya. Ranar da Malam ya faɗi a wurin aiki, ku kuka kai shi asibiti. Ranar da ya cika, ku kuka yi masa wanka, ku kuka sallace shi, ku kuka sa shi a makwancinsa a ƙasar da ba mu da dangi ko ɗaya. Wata huɗu da kwana goma na yi ina takaba a ɗaki ɗaya da falo, kuma ba a taɓa yin Juma'ar da Hajiya Mahfuza ba ta ƙwanƙwasa min ƙofa ba. In ta samu ina kuka ba ta cewa in daina, sai ta zauna ta kama gyaran alayyafo har in gama. Allah ya saka muku, ya tsaya muku kamar yadda kuka tsaya mana, ni da 'yata Muhsinat.

Ta biyu, kifi. Wannan kam sai kun ba ni lokaci.

Malam ɗan Wudil ne, jikan masunta, ɗan masunci. Shi kaɗai ne a gidansu ya bar ruwa ya kama wuta da ƙarfe. Da ya zo ƙasar nan ya ga teku, sai jinin ya motsa. Kullum yana kan waya yana kallon wani kifi wai shi tuna, mai shuɗin baya, ƙato kamar sa. Shi ya tara su Alhaji Ɗalhatu da Malam Kamal, suka riƙa ɗaukar hayar jirgi sau ɗaya a shekara daga Fujaira. Tun ranar farko kyaftin ɗin jirgin ya gaya masa cewa mai shuɗin bayan nan ba a ruwan nan yake ba, nasu mai rawayar fiffike ne, ƙanensa. Malam ya ce ba komai, ko ƙanen ne a gaisa.

Kamun tuna ba irin wanda muka sani a gida ba ne. Ba tana, ba ƙulli, ba abin da za a sa wa ƙugiya. Wani ƙarfe ne dogo mai walƙiya, suna ce masa jig, a ɗaura shi a zare a sake shi can ƙasa, a riƙa fizga ana naɗewa, shi kuma kifi ya zaci ɗan'uwansa ne ƙarami yake gudu, ya kai masa cafka. To, mutanenku da suka ji haka sai suka ƙi yarda. Malam Kamal, ga shi can yana sunkuyar da kai, ya ce shi bai taɓa ganin halittar da za ta ciji ƙarfe gaya ba. Ya buɗe jaka ya ciro kilishin da aka aiko masa daga Kano, ya yaga ya soka wa kowa a ƙugiyarsa. Malam ya ba ni labari cewa da kyaftin ya waiwayo ya ga manyan mutane uku sun jera kilishi a teku, sai ya kashe inji, ya zauna, ya dafe kai da hannu biyu. Ranar ba su kama ko ƙwaro ba, kilishin ma da za su ci a hanya ya jiƙe.

Shekara ta biyu Alhaji ya kama, ta uku Malam Kamal ya kama biyu. Malam dai shiru, har suka naɗa masa sarauta, Sarkin Ruwan Al Quoz, inda ko kududdufi babu. Yana dariya, amma ni da nake zuba masa abinci na san abin yana cinsa. Mahaifiyarsa, Inna A'i, duk ranar da suka yi waya sai ta ce, "To ɗan masunta, ina kifin tekun nawa?" Shi kuma ya ce, "Yana hanya, Inna."

Sai ya yanke cewa laifin ƙarfen kanti ne, zai ƙera nasa. Sati uku yana goga wani guntun ƙarfe bayan an tashi aiki. Ya fito a ɗan karkace kamar ayaba, gefe ɗaya ya fi nauyi. Ya shafa masa shuɗin fenti na mota. Da ya rasa abin da zai yi masa idanu, sai ya ɓalle duwatsu biyu daga hannun abayata ta Sallah ya manna. Na yi faɗa, jama'a, na yi faɗa sosai, kwana biyu ina ajiye masa shayi ba tare da na dube shi ba. Ya tafi da ƙarfen a shekara ta huɗu, ya fizga tun safe har kafaɗarsa ta riƙe, ya dawo hannu wofi. Ya ce min, "Baɗi in sha Allahu." Baɗin ce ba ta same shi ba.

Da na kira Inna A'i na yi mata gaisuwa, ta yi haƙuri irin na manya, ta yi masa addu'a, ta yi min nasiha. Sai da za mu ajiye waya na ji ta ce a hankali, kamar ba da ni take ba, "Bai kawo min kifin ba." Wannan maganar ta zauna min a ƙirji har na fita takaba.

Da lokacin tafiya ya zagayo, Alhaji Ɗalhatu ya zo gaishe ni ya ce bana sun fasa, ba za su iya kallon gurbinsa ba kowa ba. Na ce ba za a fasa ba, ni zan zauna a gurbin. Alhaji ya gyara gilashi ya ce, "Hajiya, teku fa ba kogin Wudil ba ce." Na ce, "Alhaji, ku da kuka san teku ai kilishi kuka kai mata." Nan ya yarda a tafi.

Wadda ta ba ni wuya 'yata ce. Da ta ga na ɗauko ƙarfen daga cikin akwatinsa, sai ta riƙe min hannu. Ta ce, "Umma, kifin nan yana tsinka zare ya tafi da ƙarfe, Abba da kansa ya faɗa. Kayansa duk an rabar sadaka. Wannan ne kaɗai abin da hannunsa ya ƙera da ya rage mana." Gaskiya ta faɗa. In na sake shi a ruwa, mai yiwuwa ba zan sake ganinsa ba. In na mayar da shi akwati, to har abada sunansa ƙarfen da bai taɓa kama komai ba. Na jefa shi a jaka, muka tafi da shi ni da ita.

Shekaranjiya muka yi sallar Asuba a bakin tashar jiragen Fujaira. Ba zan ɓoye muku ba, kafin duwatsun gari su ɓace mana na amayar da shayin da na sha da wanda ban sha ba. Kyaftin ya ba ni ƙarfen kanti, ya nuna min yadda ake yi, fizga da sauri, naɗe da sauri, yana ta "Yalla, yalla!" Yana da wata na'ura kamar ƙaramin talabijin da ke nuna masa kifi a ƙarƙashin jirgi. Ya ce ga su nan jingim, amma sun ƙoshi, ba sa bin komai. Haka muka yi ta yi har rana ta take. Alhaji ya zauna yana tausa gwiwar hannu, Malam Kamal ya fara zancen abincin rana. Kyaftin ya ce saura wuri ɗaya, rabin sa'a, daga nan khalas, an gama, sai gida.

Na juya na dubi Muhsinat. Ta daɗe tana kallon jakar, hawaye na zuba. Can ta zuge ta da kanta, ta ciro ƙarfen, ta goge masa idanu da gefen mayafinta, ta miƙa wa kyaftin. Ta ce, "Abba bai ƙera shi don zaman jaka ba." Kyaftin ya gane shi, ya girgiza kai yana murmushi, ya ɗaura.

Na ce bismillah na sake shi. Amma ƙarfina ya riga ya ƙare, ba zan iya fizgar nan tasu ta maza ba. Sai hannuna ya koma abin da ya sani. Duk macen da ta taɓa jan ruwa a rijiya ta san guga ba ya cika da gaggawa: za ki ɗaga igiya a hankali, ki sake ta, guga ya kifa ya nutse da kansa, ki ɗan jira, sannan ki sake ɗagawa. Haka na riƙa yi wa ƙarfen Malam. Ashe wannan karkacewar da ake yi wa dariya, in an sake shi a hankali, ita ke sa shi ya riƙa lilo yana gangarawa kamar kifin da ya ji ciwo. Kyaftin ya leƙo ya ce, "Aiwa, Mama, shwaiya shwaiya," wato yauwa, a hankali a hankali. Ɗagawa ta bakwai ko ta takwas, na sake, sai na ji kamar an ɗaura zaren a bayan motar ɗaukar kaya ta tashi.

A nan ne abin kunya ya faru. Shekara ashirin da uku ban taɓa kiran sunan mutumin nan ba, ko a ɗaka, ko a waya, ko a gaban likita. Tunda ya riga ya fita a gaban shaidu, bari in maimaita muku. Na buɗe baki da iyakar ƙarfina na ce, "Mu'awiya! Mu'awiya, ya ci!"

Zare yana ta kuka. Alhaji ya juya mana baya yana kallon ruwa, ya cire gilashi ya daɗe yana gogewa. Kyaftin ya ɗaura min wata ɗamara da ake kafa gindin sandar kamun kifin a jikinta, ya ce in ba maza su karɓa. Na ce ba mai taɓa min. Muhsinat ta rungume ni ta baya, mayafina ya tafi gabas, takalmina ɗaya ya tafi yamma. In na jawo kamu ɗaya, kifi ya ƙwace goma. Sau biyu zaren ya goga gefen jirgi, duk sau biyun na ce shi ke nan, na rasa ƙarfe na rasa kifi, na kuma sa yarinya kuka a banza. Minti arba'in muna haka, kafin na hango wani abu can ƙasa yana juyawa yana walƙiya kamar sabon faranti. Suka sa ƙugiya mai doguwar ƙota suka jawo shi ciki. Kilo talatin da ɗaya. Ga ƙarfen Malam a gefen bakinsa, fenti ya kankare, ido ɗaya ya fita.

Ina zaune ina haki, hannuwana sun ƙi buɗewa, sai Malam Kamal ya matso ya ce, "Hajiya, wane suna na ji kin kira ɗazu?" Na ce, "Kunnenka ne, Malam Kamal, ruwan gishiri ya shiga." Muka yi dariya har muka koma kuka, muka sake komawa dariya.

Rabin kifin shi ne a farantanku. Ɗaya rabin na yi dambunsa jiya da yaji kaɗan, saboda Inna A'i ba ta da haƙoran tauna. Ranar Alhamis zan hau jirgin sama in kai mata da hannuna, in durƙusa in ce, "Inna, ga saƙon ɗanki. Ya yi jinkiri a hanya, amma ƙarfensa ne ya kamo."

Ta uku, roƙo. Ga ƙarfen nan, ku dube shi. Ni da Muhsinat mun yi shawara mun ba ƙungiya shi. Na ji ana cewa za a sa shi a gilashi a rataye a ofis. Alhaji, don Allah kada a rataye shi. Duk shekarar da za a fita teku a tafi da shi, a ba wanda bai taɓa kamawa ba, a gaya masa ya yi a hankali kamar mai jan guga. Ranar da wani kifi ya fi ƙarfin zare ya tafi da shi, kada wanda yake riƙe da sandar ya ji nauyin zuwa gaya min. Mun riga mun yafe, a wurin aikinsa ya tafi. Sharaɗi ɗaya ne kawai: kada a sa masa kilishi.

Ya Allah ka jiƙan iyayenmu da duk waɗanda muka rufe a wannan ƙasa, nesa da gida. Ya Allah ka tsare masu fita teku da masu fita nema, ka mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Ka sa albarka a kasuwar 'yan kasuwa, da albashin ma'aikata, da karatun ɗalibai. Ka ba ƙasarmu zaman lafiya, ka ba Inna A'i haƙuri da tsawon kwana har in isa. Ya Allah ka gafarta wa Mu'awiya, ka haskaka kabarinsa, ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna.

Ku ci kifi tun bai huce ba. Na gode.