Ƙafar Hagu da Kujerar Dogo

Shugaban taro, shugabar wannan makaranta ta kiɗa, malamai, iyaye da kuka baro ayyukanku, ɗaliban da ake yayewa yau, har da ku na tsaye a bakin ƙofa, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina godiya da kuka tuna da tsohon makaɗi wanda ya daɗe bai ji sunansa a lasifika ba.

Maganata ta farko taku ce, ɗalibai. In kun zauna a bayan gangunan nan, hannun dama ne ke riƙe lokaci, na hagu yana amsa masa, ƙafar dama tana taka fedar babbar ganga, ta hagu kuma tana buɗe faya-fayen ƙarfe tana rufewa. Kada ku danne feda da ƙarfin cinya. Ku sassauta, ku bar idon sawu ya yi aikinsa. Ku koyar da kowace gaɓa ita kaɗai, a hankali, kafin ku haɗa su.

Ta biyu, sau biyu na koyi abin nan. Ina tsakiyar ƙarfina ɓarin jikina na hagu ya shanye. Da fari abokan kiɗana suna zuwa dubiya, har ranar da mawaƙinmu ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, mun samo na'urar buga ganga tana riƙe mana kafin ka miƙe." Na ce, "Ita ma tana shanye muku shayi kamar ni?" Muka yi dariya. Bai sake dawowa ba.

Saura Dogo, mai jitarmu. Duk yamma yakan zo ɗakina, ya cusa matashi cikin babbar ganga don kada maƙwabta su yi ƙorafi, ya ɗaure mini ƙafar hagu a kan fedar faya-fayen da tsumma saboda zamewa take yi. Sai ya ja kujera, ya ɗauki jitarsa ya ce, "Taka kawai, ko kuskure ka yi zan bi ka." In taka, ta ƙi, in sake takawa, ta makara. Bai taɓa gajiya ba.

Dogo ya rasu ƙafar ba ta dawo ba. Na ci gaba ni kaɗai, ba mai bi na, ba mai gyara mini. Wata yamma kwatsam ta rufe faya-fayen daidai kan lokaci, hannu ya amsa, kiɗa ya zauna cif. Na ɗago kai in ce, "Ka ji?" Kujera ce kawai.

Ta uku roƙo ce. Ku dubi wanda ke kusa da ku, ku riƙe shi, domin kiɗan nan ba na mutum ɗaya ba ne. Kuma in akwai mai jita a cikinku da ke da yamma guda da ba ya komai, gangunana suna nan a shirye, ba na rufe ƙofa.

Allah ya ji ƙan Dogo, ya bar muku lafiyar gaɓɓanku, ya haɗa ku da abokan da ba sa gajiya, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.