Bindigar Kaka da Tafiya Kogi

TESSA: Kaka Orfa, ina wuni? Tessa ce.

KAKA: Na san muryar jikata. Lafiya lau. Ya uwarki?

TESSA: Lafiya ƙalau. Ya gwiwa? Ya kaji?

KAKA: Gwiwa na nan, kaji sun fi ta lafiya. Ban gan ki a coci ba ran Lahadi.

TESSA: Aiki ne, Kaka. Af, dama Asabar za mu je kamun kifi saman kogi, ni da Kolton. Mu biyu. Ina jin zobe zai ba ni a can!

KAKA: Me? Layin na yankewa.

TESSA: Zoben aure!

KAKA: Na ji. Saman kogi, inda ƙatuwar dabbar nan beyar ke kiwon 'ya'yanta? Da wace bindiga?

TESSA: Da ƙaramar tawa, mai milimita tara.

KAKA: Wannan ta korar ɓarawo ce. Beyar za ta ɗauka sauro ne ya cije ta.

TESSA: To ai Kolton na da bindiga mai lamba arba'in da biyar. Harsashinta ya fi na taki mai lamba arba'in da huɗu kauri, da kaina na gwada su gefe da gefe.

KAKA: Kauri ba ƙarfi ba ne, yarinya. Dubi kawunki Dwayt, ya fi kowa kauri, buhun masara ya gagare shi. Albarushin da ke baya shi ne magana. Kwanson harsashin tawa dogo ne, cike yake da albarushi.

TESSA: To ta Baba fa, mai lamba ɗari uku da hamsin da bakwai? Kaurin harsashinta ɗaya da na tawa, amma ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba.

KAKA: Yauwa, kin fara hankali. Amma ubanki ya sayar da ita ya sayi injin yankan ciyawa. Ku zo ku ɗauki tawa, ko a fasa tafiyar.

TESSA: Haba Kaka! Bara da Kolton ya harba ta, ta shure shi a goshi, har tabarau ya karye. Ni ma wuyan hannuna sai da ya kumbura. Duk gidanmu babu mai iya riƙe ta sai ke.

KAKA: Sai ni?

TESSA: Sai ke kaɗai!

KAKA: To shi ke nan, magana ta ƙare. Ku biyo ta nan da sassafe, gaban mota zan zauna saboda gwiwa. Dama budurwa da saurayi a daji ba babba, ban so ba.

TESSA: A'a, Kaka, ba haka nake nufi...

KAKA: Ki ce masa ya zo da zoben, zan juya baya. Wake na kan wuta, sai Asabar.

TESSA: Kaka? Kaka!