Rumfar da Babanmu Ya Bari a Galmi

Assalamu alaikum Malam, ina gaishe ka da aiki, kai da masu saurare.

Ni ɗan Galmi ne, daga Abijan nake rubuto maka. Marigayi babanmu maɗinkin buhun albasa ne. Duk wanda ya fito gidan kaso ya zo rumfarshi, sai ya miƙa mishi basilla, ba ya tambayar laifinshi. Kwano guda yake ci da su. Ni ban taɓa sa hannu ciki ba, ɓarayin Baba nake ce musu.

Yanzu ƙanena Sani ke riƙe da rumfar, yana koya ma irinsu sana'a kyauta. Gaskiya ya fi ni. Jiya ya kira ni ya ce, "Yaya, ka taho ka ja mu, kai ne babba."

Bai san na yi shekara uku a kaso ba, don na ji ma wani rauni wajen faɗa. Nan ba mai ba ni aiki. Can kuma waɗanda na zaga ne za su tarbe ni.

Malam, ku ba ni shawara. In faɗa ma Sani gaskiya kafin in hau mota, ko in ce mishi ba ni zuwa?