An Riƙe Keken Surukina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sabi'u, malamin firamare daga Gumel, amma daga wani ƙauye a yankin Sule Tankarkar nake rubuto maka, kuma ba da son raina nake zaune a nan ba.

Da wahalar man fetur ta ishe mu, ni da abokan aikina muka shirya zagaye a kan kekuna lokacin hutu, daga Gumel zuwa Maigatari, mu ɓullo ta Sule Tankarkar, mu sauka Gagarawa. Nawa keken ya lalace, sai na ari na surukina.

Jagoranmu ya ce ya san yanke. Ashe hanyar rani ce, da damina ta sauka an shuke ta. Kafin mu ankara mun tattake geron wani dattijo. Muka ba shi haƙuri, muka ce za mu biya. Ya ce, "Ba kuɗinku nake so ba, 'ya'yana. Keke ɗaya zai zauna har in ga geron nan ya miƙe." Ya duba, ya zaɓi na surukina.

Abokai sun wuce abinsu. Ni da wane ido zan shiga Gumel a ƙasa? Kullum ina bakin gona ina kallon gero, ga ruwan sama ya ɗauke.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Baba surukina, na san shirin nan ba ya wuce ka. Kekenka lafiya lau, yana inuwa a zauren dattijon. Ni ne a rana.