Takardar Asali Biyu

A rumfar mai kifi a birnin Akka, wata dattijuwa ta juya ga mutumin da ke gefenta.

"Bawan Allah, ka ji abin kunya? Coci ya raba auren ubangidanmu Odo da Heliza. Wai 'yan'uwan jini ne!"

"Haka takardar asali ta nuna, Inna."

"Bayan 'ya'ya huɗu? Sai da aka ci mahaifinta da yaƙi sannan jinin ya bayyana?"

"Takardar ba kuskure. Da hannuna na rubuta."

"Innalillahi! Kai ne? To, ta ranar ɗaurin aure, da ta ce ba su haɗa kaka ba, wane maƙaryaci ya rubuta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ita ma ni ne, Inna. Lokacin mahaifinta yana da mahaya ɗari uku."