Tukwane Uku da Suka Rage a Saman Bene

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, Alhaji Mahmudu. Malamanmu da dattawan unguwarmu Hindawiyya. Iyayenmu mata da ke saurare daga bayan labule. 'Yan'uwa baki ɗaya. Ina godiya da wannan dama, ina kuma godiya ga duk wanda ya tako gidana ta'aziyya bara.

Ranar Asabar, sha huɗu ga Maris, 1998, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a kan hanyar dawowa daga gaɓar teku ta Shu'aiba, tayar motar ɗana Abdulghani ta fashe, ajalinsa ke nan. Shekarunsa ashirin da huɗu. An sami buhu shida na yashin bakin teku a bayan motar. A kan yashin nan zan yi magana.

Na farko, abin da ya bari. Akwai wani ɗan itace da ke tsirowa a gaɓar Bahar Maliya, masunta suna kiransa shalil. Bai wuce gwiwa ba, ganyensa toka-toka, furensa ƙanana masu ruwan shanshanbale. Abdulghani ya raini tukunya arba'in a saman benenmu, yana so ya shuka su jikin katangar wannan makaranta. Na taɓa ce masa, "Gari cike da furannin ƙasashen waje, ka rasa abin reno sai ciyawar raƙuma?" Ya yi dariya ya ce, "Abba, waɗancan baƙi ne, sai da kafili mai tsaya musu. Wannan ɗan ƙasa ne, ba mai tambayarsa iƙama, takardar izinin zama."

Na biyu, abin da na yi, kuma a gabanku zan faɗe shi. Ni jikan masu lambu ne. A wurinmu, son shuka shi ne taki da ban-ruwa. Bayan rasuwarsa na sayo baƙar ƙasa, na sayo takin tumaki, na juye yashin da ya zuba a tukwanen na zuba nawa. Ina ba su ruwan daɗi da safe, ina ba su da la'asar. Suka fara rawaya, na ƙara ruwa. Suka fara zubewa, na ƙara taki. Shekara talatin ina koyar da haɗa magunguna, ina gaya wa ɗalibai cewa kowa da gwargwadonsa, amma ban tambayi gwargwadon itacen ɗana ba.

Sai da talatin da bakwai suka mutu, ƙanwarsa Mastura ta riƙe butar a hannuna. Ta ce, "Halas, ya isa, Abba! Yaya sau ɗaya yake ba su a mako, har da ɗan ruwan teku yake haɗawa. Saiwarsu ce ke ruɓewa." Na ce me ya hana ta faɗa tun farko? Ta ce, "A nan ne kawai nake ganin kana yi wa Yaya magana."

Jama'a, Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan itace yashi yake so, gishiri yake so, rana da iskar teku yake so, kuma yana so a ƙyale shi. Ƙyalewar ce ban iya ba.

Na uku, roƙona. Ukun da suka rage suna cikin baƙar ƙasa har yanzu, kuma ba za su kai zafin bana a cikinta ba. Hukumar makaranta ta ba da gefen katanga tun yana raye, ba a haƙa rami ko ɗaya ba. Ana bukatar buhu shida na yashi daga inda ya ɗebo nasa. Ina da mota, na san hanya. Sau biyu ina kaiwa Madinar Masana'antu da ke bakin gari in juyo, na kasa bi ta inda ya rasu. Ina neman mutum ɗaya da zai riƙe sitiyari ranar Alhamis, ni in zauna a gefe.

Allah Ya jiƙan mamatanmu, Ya raya zuriyarku a gaban idonku, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Zan tsaya a bakin ƙofa bayan an tashi. Na gode.